Yaƙin waje ne ke jawo kisan 'yan Asiya a cikin Amurka?

Malam Audu: Jama'a, ni dai na tsaya a kan cewa yaƙe-yaƙen da Amurka ta yi a Asiya su ne tushen abin da ake yi wa 'yan Asiya a cikin ƙasarta. Filifin a 1899, sai Japan, Koriya, Biyetnam. Sojan da aka koya wa cewa mai irin wannan fuskar abokin gaba ne, in ya tuɓe kaki, karatun na nan a kansa.

Hajiya Rabi: A'a Malam, bi a hankali. A 1885 fararen ma'aikata sun kashe Sinawa 28 a garin Rock Springs na jihar Wyoming. Wane yaƙi ake yi da Sin a lokacin? Rigimar aikin haƙar kwal ce. Vincent Chin da aka kashe a Detroit a 1982 ma, haushin motocin Japan aka huce a kansa, alhali asalinsa Basine ne.

Malam Audu: To Teksas fa, Hajiya? A 1981 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu wariyar launin fata, sun tasa masunta 'yan gudun hijirar Biyetnam a gaba a yankin Galveston, har aka ƙona jiragen ruwa. Jagoransu Louis Beam tsohon sojan yaƙin Biyetnam ne, yana horar da mutanensa irin na bariki. Abin takaici, masuntan nan 'yan Kudancin Biyetnam ne, ɓangaren da Amurka ta mara wa baya. Sai da kotu ta taka musu burki.

Bashir: Ku gafarce ni manya. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Shugaba Roosevelt da kanta ta tsare 'yan asalin Japan kusan 120,000 a sansanoni, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne. Wannan ai aikin yaƙi ne ƙiri-ƙiri.

Hajiya Rabi: Ɗana, ka kawo mini hujja ne. Ana yaƙi da Jamus da Italiya a lokacin, me ya hana a kwashe nasu mutanen gaba ɗaya haka? Ƙiyayyar launin fata ta riga yaƙin zuwa, shi dai ya buɗe mata ƙofa.

Malam Audu: Buɗe ƙofar ƙaramin laifi ne? Dubi Atlanta a 2021: mutum 8 aka kashe, 6 mata 'yan asalin Asiya. Kallon matan Asiya a matsayin kayan holewa, a gefen barikokin sojan Amurka na Okinawa a Japan da Subic Bay a Filifin ya yi ƙarfi.

Hajiya Rabi: Wanda ya yi harbin bai taɓa shiga soja ba.

Malam Audu: Sai ya shiga? Finafinai sun kai masa har ɗaki.