Ku da manyan mawaƙa suka koya wa tsara waƙa, me ya amfane ku?

Malamin sakandare, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A hutun ƙarshen zango muna son tara yaranmu masu sha'awar tsara waƙa da kiɗa, mu gayyato ƙwararrun mawaƙa da makaɗa su zauna da su. Iyaye sun amince, mun kuma sami aron aji da fiyano biyu. Roƙona ga duk wanda ya taɓa zama gaban gwani, ko shi ya koyar: me ya taimaka, me ya ci lokaci a banza?

Mai haɗa kiɗa, Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka. Ni irin wannan shiri ne ya sa ni a hanya ina ɗan shekara goma sha shida. Na je da littafi cike da baitoci, ina ganin amsa-amo shi ne waƙa, in dai ƙarshen layi ya faɗa kan "na" ko "ba" to an gama. Wanda ya koya mana bai taɓa littafin ba. Ya ce in rera, shi kuma yana tafa hannu a hankali. Duk inda na ja gaɓar da ba ta da ja, ko na haɗiye mai nauyi don ta shiga kiɗa, sai ya tsaya ya ce in faɗi kalmar kamar ina magana da mahaifiyata. Nan na ji da kunnena cewa Hausa tana da hawa da sauka, kuma in karin waƙa ya hau inda kalma ke sauka, mai sauraro zai ji wani abu ya karkace ko da bai san mene ne ba. Har yau kafin in buɗe kwamfuta sai na sa mawaƙi ya karanta baitinsa da baki tukuna. Shawarata, kada ku bari yara su taɓa fiyano a makon farko.

Ɗan gidan makaɗa, Funtuwa:
Abin da ɗan'uwa ya faɗa gaskiya ne, kuma haka iyayenmu suke yi tun da. Ba a ba yaro jagorancin waƙa sai ya daɗe cikin 'yan amshi. Wanda ya saurari Mamman Shata ya san yadda amshi da kalangu ke riƙe waƙa, shi yana zuba baiti a kai. Mahaifina ya sa na yi ta amshi har na gaji, amma a nan na koyi inda ake shiga da inda ake numfashi. Malam, ku nemo mai kalangu ko mai kotso ko da mutum ɗaya ne. Yaran yanzu sautin kalangu na cikin na'ura suka sani, ba su taɓa ganin yadda ake matse tsirkiya a hammata murya ta canza ba.

Mawaƙiya, Kaduna:
Ni nawa da ɗaci, amma gara ku ji. Na kai wata waƙa da na tsara wurin wani da ke koyar da mu, ya yaba, ya ce a bar masa ya gyara. Bayan 'yan watanni na ji amshina a bakin wani, ba sunana ko'ina. Ba ni da shaida, ina yarinya, wa zan kai wa ƙara? Don Allah Malam, ranar da yaro ya kawo waƙa a ɗauki muryarsa a waya, a rubuta sunansa da kwanan wata, gwanin ma ya sa hannu. Sannan in akwai 'yan mata, a samo mace cikin masu koyarwa, kuma a tashi kafin magariba. Da yawa cikin ƙawayena a kan dare aka hana su, ba a kan waƙar ba.

Mai gurmi, Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Na yi ɗan zama a cibiyar koyar da kiɗa ta El Hadj Taya da ke Yamai, wadda aka buɗe a 1989. Abin da ya fi shiga raina shi ne ganin manya su ma suna koyo. Marigayi Malam Mamman Barka, duk da sunan da ya yi da gurmi, ya tafi bakin Tafkin Chadi ya zauna gaban wani dattijo ya koyi biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma mai tsirkiya biyar, don kada ya ɓace. Yaro in ya ji haka, ba ya jin kunyar a ce ya sake.

Mawaƙi mai koyarwa, Jos:
Bari in yi magana daga ɓangarenmu. Jarabawar mai koyarwa ita ce son gyara. Yaro ya kawo kari baƙo, hannunka na ƙaiƙayi ka mayar da shi irin naka, a ƙarshe ka yaye yara goma duk da muryarka. Yanzu tambaya nake yi: a nan me kake so mutum ya ji? In ya amsa, sai in nuna masa hanya biyu ya zaɓa. Abu na biyu, ranar rufewa mu manya ne ya kamata mu kaɗa wa yara abin da suka tsara, yaron na tsaye yana cewa a rage gudu, a ƙara amshi. Na ga wani yaro mai shiru-shiru ya tsayar da makaɗin da ya haife shi ya ce, "Baba, ba haka na so ba." Makaɗin ya yi murmushi ya sake.

Malamin sakandare, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, takardar shaida za ta shiga tsarin tun ranar farko. Ɗan'uwa na Funtuwa, in akwai mai kalangun da zai iya zuwa Zariya ranakun Asabar, a taimaka a haɗa mu, kuɗin mota da abinci na kanmu.