Shin ya dace a rataya zanen yaƙe-yaƙen Turawa a bango don ado?

Ɗan Kurmi: A wani otal da ke Abuja an jera tsofaffin zane-zane a cikin firam, waɗanda aka yanko daga jaridar Illustrated London News, an ƙawata ɗakin cin abinci da su. Ɗaya na yaƙin Omdurman ne na 1898 a Sudan, inda rundunar Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, ta kashe mabiya Mahadi sama da dubu goma a rana guda, ɗayan kuma na yaƙin Asante ne na 1874 a ƙasar Gana ta yau, ga sojojin Hausawa maciya amana sun jeru a bayan Bature. Ina tambaya, ta yaya kisan mutane ya zama abin ado, har ana cin tuwo a ƙarƙashinsa?

Hajiyar Zango: Malam, har na fara yarda da kai sai na iso kan "maciya amana". Amanar wa suka ci? Rundunar Hausawan da Baturen Ingila Glover ya kafa a Legas a 1863 yawancinta bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu, kuma wanda aka sayar da shi a kasuwa babu amanar da ke tsakaninsa da wanda ya sayar da shi. A zangunan Gana akwai gidajen da asalinsu yake komawa ga irin waɗannan sojoji, don haka ka iya bakinka.

Ɗan Kurmi: Hajiya, na ji, amma wanda ya ɗauki bindigar Bature aka tafi da shi ƙona Kumasi, babban birnin Asante, ban san wani sunan da zan ba shi ba.

Malamin Makaranta: Ina roƙon a koma kan zanen. Waɗannan ba hotunan kyamara ba ne. Mai zane irin su Melton Prior yakan bi runduna ya yi zane da fensir, ya aika Landan ta jirgin ruwa, a can masassaƙa su sassaƙa shi a jikin katako a buga, suna gyarawa yadda zai burge mai sayen jarida. Shi ya sa Bature yake fitowa a tsaye da kwarjini, waɗanda ake yaƙa kuma su fito a matsayin gungu marar fuska.

Bazazzagi: Malam, za mu dawo gare ka. Idan ana maganar amana, Bakano ba shi da bakin magana, domin ranar da Morland, kwamandan rundunar Turawa, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1903 Sarki Alu ba ya gari, kuma bai dawo ya kare ganuwarsa ba.

Ɗan Kurmi: Ɗan'uwa, Sarki Alu ziyara ya kai Sakkwato, kuma Waziri Ahmadu ya fuskanci Turawa a Kwatarkwashi har ya rasa ransa a can. Ku fa? Tun 1902 Turawa suka zauna a Zariya ba tare da an harba kibiya ɗaya ba, kuma daga garinku rundunar ta taso zuwa Kano.

Bazazzagi: Sarki Kwasau yana cikin matsin Nagwamatse na Kontagora a lokacin, kuma Turawan nan su suka tuɓe shi daga baya. Wanda ya ci amana ba a saka masa da tuɓewa.

Basakkwace: Ku duka kuna ɓata lokaci. Mutum ɗaya ne ya ƙi miƙa wuya har ƙarshe, shi ne Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya bar Sakkwato bayan Turawa sun ci garin ranar 15 ga Maris, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903. Kakata ta sha ba mu labarin mutanen da suka bi shi gabas, wasu ba su tsaya ba sai Mai Wurno a Sudan.

Hajiyar Zango: Har yanzu ina jiran a janye kalmar nan.

Malamin Makaranta: Abin da nake son a gane shi ne, irin wannan zane ya fi dacewa da gidan tarihi, inda za a rubuta a ƙarƙashinsa wanda ya yi shi da wanda aka yi wa shi.

Bazazzagi: Gidan tarihin Kano kake nufi? To sai a rubuta har da inda Sarki yake a ranar.

Shugaban Zaure: Zan rufe muhawarar nan saboda ta fara zafi. Abin da na fahimta shi ne, kowa ya amince cewa Kano ta yi yaƙi, kuma hujjar Kwatarkwashi ba a iya ture ta ba, duk da ƙoƙarin ɗan'uwanmu na Zazzau, wanda maganarsa ta fi kama da wasan da ke tsakaninmu da su. Ƙorafin Hajiya yana da nauyi, amma Ɗan Kurmi ɓacin rai ne ya sa shi, don haka ban ga dalilin tilasta masa janyewa ba. Batun Burmi za a ware masa rana. Shi kuwa zanen, wanda yake da lambar mai otal ɗin ya yi masa magana.