Harsashin bindigar iska: a bar shi a baki ko a tura shi ciki?

Tambaya daga Shika: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karyawa a ɗana, mai 5.5mm, don tsuntsaye da ɓerayen rumbu. A mita 25 harbi uku za su taru, na huɗu ya yi gefe. An ce zurfin zaman harsashi a bututu ne. Gaskiya ne? Yaya zan gwada?

Amsa daga Samaru: Wa alaikumus salam Malam. Akwai gaskiya a ciki. Harsashin dalma yana da kai, ƙugu, da gindi mai buɗewa kamar buje. Bujen nan shi iska ke bugawa ya buɗe ya kama zanen cikin bututu. In ka bar gefensa a waje, lokacin rufe bindiga ƙarfe zai murƙushe shi, iska ta zurare ta gefe guda, harsashi ya fita a karkace. Haka kuma yake cin robar bakin bututu na baya, inda ake saka harsashi. Don haka ko da yaushe ka danna shi da babban yatsa har ya yi daidai da baki.

Tura shi ciki da kamar milimita 1 zuwa 2 kuwa wani abu ne daban. Bujen ya riga ya shiga zanen, sai harsashi ya motsa da wuri kafin iska ta gama matsuwa. Wata bindigar harbinta yana taruwa da hakan, wata gudun harsashinta ke raguwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zurfin ya zama ɗaya a kowane harbi. Wajen turawa, ka yi amfani da abu mai kan roba da ke tsayawa a wuri guda. Ƙusa tana yaga buje.

Amsa daga Sabon Gari: Ƙanena, harbi uku ba gwaji ba ne. Kafa kwali a mita 25, bayansa tudun ƙasa, ba bango ko dutse ba, don dalma na dawowa. Harbi 10 a baki, 10 a milimita 1, 10 a milimita 2, duk daga gwangwani ɗaya. Auna tsakanin ramuka biyu mafi nisa, ka rubuta. Yi da sassafe, iskar hunturu da rana za ta ɓata maka lissafi.

Amma ni na fi zargin harsashin kansa. Masu kyau ana rubuta faɗin kan harsashi a gwangwani, milimita 5.51 ko 5.52 ko 5.53. Wanda ya faɗa bututu ba tare da dannawa ba ya yi ƙanƙanta, babu zurfin da zai gyara shi. Ware duk mai lanƙwasasshen buje.

Amsa daga Tudun Wada: Kafin duk wannan, Yaya, ɗaure sukurorin da ke riƙe katako da na madubin saiti, girgizar sifirin na kwance su. Kada ka damƙe bindigar, ɗora ta a buɗaɗɗen tafi wuri ɗaya kullum. Kada ka ɗiga man inji a ramin iska, yana kamawa da wuta, ƙara ta tashi, harbi ya watse, sil (robar da ke toshe iska a ciki) ya ƙone. Riƙe bututu da hannu yayin saka harsashi, kuma kada ka harba babu harsashi.

Amsa daga Samaru: Ƙari ɗaya Malam: a dokar makamai ta Najeriya bindigar iska ma tana buƙatar lasisin 'yan sanda. Kuma a wanke hannu bayan taɓa dalma, a ɓoye gwangwanin daga yara.