Wa Sadat ya kira bawa?

Sadat: Salamu alaikum jama'ar zango. Yau raina a ɓace yake. Jiya na ɗauki wata mata a manhajar tasi daga Circle zuwa unguwar Madina a nan Ankara (Accra), babban birnin Ghana, cunkoso ya riƙe mu a wajen asibitin sojoji na 37, ba ni na jawo shi ba. Tana sauka ta danna min tauraro ɗaya. Da safe na duba, makina ya faɗi, kuma fasinja na ganin makin direba a wayarsa. Sai na tuna Nosedive, wani kashi na Black Mirror da Netflix ta saki a 2016. A cikinsa kowa na ba kowa maki daga 1 zuwa 5, har wanda kuka gaisa a hanya. Yarinyar da ke cikin fim ɗin tana da 4.2, tana neman 4.5 don a rage mata kuɗin haya, ta yi ta murmushin dole har ta ƙare a ɗaure. Wallahi haka muke yanzu. Waya ta mai da mu bayi.

Malam Isaka: Wa alaikumus salam. Ɗana, janye kalmar nan. Mu bayin Allah ne kaɗai.

Sadat: Malam, misali ne na yi.

Hajiya Memuna: Ba a misali da wannan, Sadat. Ka taɓa zuwa garin Salaga da ke arewacin Ghana? Rijiyoyin da ake ce wa na wankan bayi suna nan har yau. An ɗaure mutane an sayar da su a kasuwa ɗaya da goro, kai kana zaune a mota mai sanyi kana kiran kanka bawa.

Fati: Hajiya, a yi masa uzuri. Ni ina sayar da atamfa da mayafi a TikTok. Ran da na sa bidiyo ba a kalla ba, abinci ba ya shiga bakina, tsakar dare ina tashi in duba. In ba bauta ba ce wannan, mene ne sunanta?

Hajiya Memuna: Sunanta son a sani. Wa ya sa miki sarƙa? Kashe wayar ki kwanta.

Fati: In na kashe, ke za ki biya min kuɗin makarantar yara?

Awudu Aboabo: Ku mutanen Ankara ku bi maganar nan a hankali. Sojojin Hausa da Baturen Ingila Glover ya kawo daga Legas lokacin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Mu a Kumasi fatake ne kakanninmu, goro ya kawo su.

Tanko: Awudu, ka iya bakinka! Wa kake jifa da wannan? Unguwarmu Sabon Zongo ta Ankara Malam Baƙo ne ya kafa ta, malami ɗan malami. Kuma fataken naku da aka watse daga Salaga bayan yaƙin 1892, goro kawai suke saye a can?

Awudu Aboabo: Kakana ya faɗa min da bakinsa, bai taɓa sayen mutum ba.

Tanko: Kowa haka kakansa ya faɗa masa.

Awudu Aboabo: Dama ɗan ƙungiyar ƙwallon Hearts of Oak ba ya jin gaskiya.

Tanko: Sai ɗan Kotoko ne mai gaskiya? Ku fara cin kofi a Afirka tukuna, tun 1983 kuke jira. Mu mun ɗauko a 2000.

Malam Isaka: Subhanallah. Daga bauta sai ƙwallo?

Zulaiha: Ni tambayata ga Yaya Sadat: ka kunna mata sanyi a motar? Don wasu direbobin sai su ce mai ya yi tsada, su bar ka kana zufa, su kuma ce ka ba su 5.

Sadat: Na kunna! Har cajar waya na ba ta. Ba wanda ya ce min ko sannu, kowa ya kama kalma ɗaya yana ja.

Fati: Sannu Yaya. Ni na gane abin da kake nufi. Ɗiyata mai shekara 14 ta goge hotonta na sallah don ƙawarta ta fi ta samun masu so. Ranar har kuka ta yi.

Hajiya Memuna: To wa ya saya mata wayar?

Alhaji Garba, shugaban zaure: Ya isa haka. Na karanta duka. Abin da aka tsayar shi ne Sadat ya yi kuskuren lafazi, Malam Isaka da Hajiya sun gyara masa, kuma sun yi daidai. Awudu ya kawo tarihi, Tanko ne ya mai da abin faɗa, sai ya ba shi haƙuri. Ni haifaffen Asawase ta Kumasi ne, na san zancen fataken goro gaskiya ne. Maganar fim ɗin Turawa kuwa ba ta zauren nan ba ce. Wanda ya sake ambaton kakan wani, zan cire shi sai bayan Juma'a.

Tanko: Alhaji, shi ya fara fa.