Wa ke tsaya wa masu okestira? Shawarwarin 'yan zaure ga Malamin Agege

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. A makarantar da nake koyarwa a Agege, nan Legas, yaranmu sun fara iya gogen Turawa da sarewa, har sun kai su zauna su yi kiɗa tare, abin da ake kira okestira. Amma kuɗin tsirkiya da gyaran kaya sun fi ƙarfinmu, kuma ba mu da wanda zai saurare mu ya ce muna kan hanya. Akwai ƙungiyar da ake shiga, a biya kuɗin shekara, ta tsaya wa irinmu?

Maman Nana: Wa alaikumussalam Malam, Allah ya yi wa yaran albarka. Fara da MUSON, wato Musical Society of Nigeria, a Onikan, kusa da Gidan Tarihi na Ƙasa. Mu daga Obalende da ƙafa ma muna iya zuwa. Ƙungiya ce ta masu son irin wannan kiɗa, an kafa ta a 1983. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai marigayi Akintola Williams, babban akantan nan, da Louis Mbanefo da Francesca Emanuel. A 1989 suka buɗe makarantar kiɗa. Suna da okestirarsu da mawaƙansu, suna shirya jarrabawar kiɗa mataki-mataki, kuma duk Oktoba suna biki. Ka kai yaran su ji da kunnensu, wannan kaɗai zai ƙara musu himma.

Anti Ladi: Gaskiya ne Hajiya. Ƙari a kai, Gidauniyar MTN tana ɗaukar nauyin ɗaliban difloma mai tsawon shekara 2 a makarantar tun 2006. Malam, duk yaron da ka ga ya yi fice, ka fara shirya shi tun yanzu.

Malam Sani: Na gode Hajiya, na gode Anti. To in makarantarmu ta shiga, za su saya mana kaya?

Injiniya Bello: Malam, kada ka sa rai da wannan, kuma ba laifinsu ba ne. MUSON ƙungiyar mutane ce masu ƙaunar kiɗan, sun gina zaure, sun gina makaranta, sun riƙe okestira guda. Abin da kake tambaya wani abu ne daban: ƙungiyar da su okestirorin kansu ne 'ya'yanta. A Amurka akwai League of American Orchestras. An kafa ta a 1942, kuma abin da ya kamata ka lura da shi shi ne ba manyan New York ko Boston ne suka fara ta ba. Wata mata ce mai suna Leta Snow daga garin Kalamazoo ta tara ƙananan okestirori na garuruwa, waɗanda ke fama da irin damuwarka.

Su ma ba rabon goge suke yi ba. Suna tattara bayanan kuɗin shiga da kuɗin kashewa daga 'ya'yan ƙungiya, don kowa ya auna kansa da takwaransa. Suna koyar da masu gudanarwa yadda ake neman tallafi da yadda ake cika zaure da 'yan kallo. Suna da mujalla, suna taro duk shekara. Babban aikin kuma shi ne zuwa gaban gwamnati da murya ɗaya.

Alhaji Baba: Yauwa Injiniya, yanzu na gane. Mu ma a kasuwar Mile 12 ƙungiya ba ta saya wa kowa kwandon tumatir, amma ranar da aka tsare motoci a hanya ko aka ƙara kuɗin shiga, ita ce ke zuwa ta yi magana. Ɗan kasuwa ɗaya in ya je, ko kujera ba za a ba shi ba.

Injiniya Bello: Haka ne Baba. Ga misali. Tsofaffin sandunan da ake goga gogen da su, da yawa akwai ɗan guntun hauren giwa a bakinsu. Da Amurka ta tsaurara dokar haure a 2014, makaɗi mai tafiya ƙasar waje yana iya rasa sandansa a hannun kwastan. League da ƙungiyar ƙwadagon makaɗa suka yi ta zama da hukuma har aka sassauta wa kayan kiɗa. Haka batun jirgin sama: dokar Amurka ta 2012 da ta fara aiki a 2015 ta ba makaɗi damar shiga da ƙaramin abin kiɗansa cikin jirgi in akwai wuri, maimakon a jefa shi cikin kaya ya farfashe. Wanda ya san kuɗin goge mai kyau ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Barista Hauwa: A Ingila ma akwai Association of British Orchestras. Suna cikin waɗanda suka matsa har gwamnati ta fito da rangwamen haraji na musamman ga okestirori a 2016. Ni a ganina wannan ya fi kyautar da mai kuɗi zai bayar bana ya manta baɗi, domin an rubuta shi cikin doka.

Yaya Mustafa: Ku yi haƙuri in faɗi nawa. Ni ina ganin wannan harka ta 'yan Ikoyi ce. Yaron Agege da ke neman kuɗin motar BRT, ina shi ina dokar hauren giwa?

Anti Ladi: Yaya, ban yarda ba. Mafi yawan matasan da na sani masu wannan kiɗa a Legas daga majami'u da makarantun unguwa suka fito, wasu da aron goge suka fara. Kuma kiɗan ya daɗe da zama ɗan gida a garin nan. Fela Sowande da Ayo Bankole da Akin Euba sun ɗauki waƙoƙin Yarbawa sun rubuta su da wannan tsari. Abin da ke damuna shi ne har yanzu ban ji yaronmu ya rubuta wa algaita ko kakaki abin da za a busa tare da okestira ba. Wataƙila cikin yaran Malam zai fito.

Yaya Mustafa: Wannan kam na yarda, Anti. Amma kuɗin tsirkiyar fa? Ba a amsa masa ba.

Barista Hauwa: Ga amsa. Malam, ka nemo sauran makarantu da ƙananan ƙungiyoyi masu irin aikinku a Agege, Ikeja da Mushin. Ku haɗa odar tsirkiya wuri guda, ku ɗauki mai gyara ɗaya yana zagaya ku, ku riƙa aron takardun kiɗa a tsakaninku. In abin ya zauna, ku yi rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, da amintattu da tsarin mulki a rubuce. Kamfani ba ya son zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya, amma yana sauraron ƙungiya mai rajista da lissafi a fili. Kuɗin shekara kuma ku sa shi daidai ƙarfin kowa, ƙarami ya biya kaɗan. Tsarin mulkin ni zan rubuta muku, ba sai kun biya ba.

Malam Sani: Allah ya saka da alheri Barista. Na san malamai biyu, ɗaya a Ogba ɗaya a Idi-Araba, yau zan kira su.

Maman Nana: Ranar Asabar ina kai Nana darasi Onikan. Zan shiga ofis in tambayo sharuɗɗan zama ɗan ƙungiya da lokacin jarrabawa ta gaba, in turo nan. Malam, ka rubuto mini shekarun yaran da abin da kowanne ke kaɗawa kafin Juma'a.

Alhaji Baba: Ranar da za a kai su kallo a Oktoba, kuɗin mota daga Agege zuwa Onikan yana wuyana. A faɗa mini yawansu da wuri.