Tabarau mai kyamara a wurin biki: me doka ta ce?

Ɗan Wuse:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wasu masu ɗaukar hoton biki a nan Abuja sun fara shiga har wurin kamu sanye da tabaraun Ray-Ban Meta, mata ba su san ana ɗaukarsu ba. Akwai dokar da ta shafi wannan?

Lauyan Garki:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ke kula da ita. Fuskar mutum da muryarsa bayanansa ne. Dokar ta ɗaga ƙafa ga wanda ya ɗauka don amfanin kansa ko na gida, shi ma da sharaɗin bai keta sirrin wani ba. Mai hoto kuwa sana'a yake, wannan sassaucin bai shafe shi ba.

Inda ake yawan kuskure: yardar ango ba yardar baƙi ba ce. A manna sanarwa a bakin ƙofa, mai gabatarwa ya faɗa da baki, a ware ɓangaren da ba a ɗauka. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da izinin iyaye. Tarar ƙaramin mai sana'a na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Mai Gyaran Waya, Banex:
Akwai 'yar farar fitila a gaban tabaraun da ke kamawa idan ana ɗauka, in an rufe ta kyamarar ba ta farawa. Matsalar, cikin fitilun zauren biki wa zai lura da ita? Sannan da zarar an ce "Hey Meta", kalmar da ake ba tabaraun umarni da ita, a tambaye shi abin da yake gani, hoton ya tafi kwamfutocin kamfanin Meta a ƙasar waje. Tun Afrilun 2025 muryar da aka yi umarni da ita na iya zama a wurin kamfanin har shekara guda in ba a goge ba. A kashe "Hey Meta" a manhajar Meta AI. In mai hoto zai shiga cikin mata, ya kashe makunnin da ke jikin hannun tabaraun na hagu, ya sa tabaraun a aljihu.

Maman Biyu:
Wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi. A 2024 ɗalibai biyu a jami'ar Harvard ta Amurka sun haɗa tabaraun da manhajar gane fuska ta PimEyes, suna samo sunan mutum da adireshinsa daga ganinsa a hanya. 'Yar'uwa, in kin ga bidiyonki a intanet, ki adana hoton shafin da kwanan wata, ki rubuta wa mai hoton ya goge. In ya ƙi, ki kai ƙorafi NDPC da waɗannan shaidun.