Abin da muka tattauna kan darasin shirya manhajar kwamfuta a lise

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga doguwar hirarmu:

1. Kusan kowa ya ce a fara da Python, wani yaren rubuta manhaja, don rubutunsa ya fi sauƙin karantawa. Mutum biyu sun fi son Scratch, yaren da aka yi don koya wa yara, wasu suka ce ɗan lise ya wuce nan.

2. Rashin kwamfuta ba ya hana koyo. Pydroid 3, manhajar rubuta Python, na aiki a wayar Android ko babu intanet. In kuran ya ɗauke, a rubuta aikin a takarda, a bi shi layi-layi da biro, ana rubuta abin da kowane layi zai fitar. Ni ma wannan shawarar ta fi kwanta mini a rai.

3. Inda yara ke tuntuɓe: Python daga 0 yake fara ƙirga, ba daga 1 ba, kuma tazarar farkon layi in ta goce, aikin ya tsaya cak.

4. An rabu kan koyon Turanci, tunda kalmomin umarnin Python na Turanci ne. Wasu sun ce dole ne, wasu suka ce Faransanci ya wadatar, kalmomin umarnin ba su da yawa.

5. Iyaye sun roƙa kada darasin ya cinye lokacin shirin jarrabawar BAC.

6. Wanda ya maƙale ya tuntuɓi yayyenmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi.